Sunan da Ke Ƙarƙashin Jar Takarda

"Riƙe ni ta nan, ba ta can ba. Can ɗin ne ke ciwo."

Norma ta sauya hannu ta tallafo shi ta hagu. Matakalar haikalin ba wata mai tsawo ba ce, amma Kawu Charlie sai da ya tsaya a kan kowane taki yana haki. Ba nauyi gare shi ba, kuma abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Mutumin da ta taso tana gani yana saɓa buhun shinkafa shi kaɗai, yau ga shi a hannunta sakayau kamar kwandon wanki.

"Na ce ka bari sai rana ta yi sanyi, ka ƙi ji."

"Rana za ta yi sanyi, ni ma haka. Wa ya san wanda zai riga wani?"

"Kawu, don Allah ka daina irin wannan magana."

"To, na daina. Buɗe ƙofar."

Ba kawunta ba ne na jini. Maƙwabci ne, shingen katako ne kawai tsakanin gidansa da nata tun ranar da aka haife ta, kuma a unguwar duk dattijo kawu ne. A da layin nan cike yake da shagunan 'yan China, masu wanki, masu kayan lambu, masu gasa agwagi. Yanzu gida biyu suka rage da hayaƙi, nasa da nata, sai haikalin can ƙarshen layi a bayan itatuwan mangwaro, ginin katako da kwanon da ya yi tsatsa. Kawu Charlie ke share shi, shi ke kunna turare safe da yamma, tun Norma ba ta yi aure ba. Ga shi ta yi auren, ta binne mijin, 'ya'yanta sun watse Sydney, shi kuwa yana nan da tsintsiyarsa.

Bai tsaya a babban ɗaki ba. Ya ɗan sunkuya wa gumakan a gaggauce, irin gaisuwar waɗanda suka gaji da ganin juna, ya ja ta zuwa ɗakin kakanni da ke gefe. Nan alluna suke jere a kan kantoci har kusa da rufi, kowanne da sunan wani da ya zo haƙar zinariya ko saran rake, ya ce shekara biyu zai yi ya koma gida, ƙasar nan ta riƙe shi. Hayaƙin shekaru ya mai da su baƙi ƙirin.

Ya nuna wani allo a kanta ta ƙasa. Layi biyu ne na rubutu a jikinsa. Na hagu a buɗe yake, na Goggo Ivy ne, matarsa da ta daɗe da rasuwa. Na dama, nasa, an manne shi da jar takarda wadda ta koɗe har ta kusa zama fara.

Norma ta san wannan, ko da yake coci take zuwa. Ba a barin sunan mai rai a buɗe cikin matattu.

"Idan na tafi, ki ɓare takardar nan," in ji shi. "Kina ɓarewa ki kira ni da sunana, da ƙarfi, kin san kunnena. In ji in shigo. Kada ki buɗe ki yi shiru fa. Akwai fatalwa mayunwata da yawa a waje masu neman wurin zama. Sai wani ƙato ya shigo ya zauna kusa da matata."

"Haba Kawu! Ai wannan aikin ɗa ne. Desmond fa?"

"Desmond yana Brisbane yana cire wa turawa haƙora."

"Ni fa ina cikin mawaƙan coci. In fasto ya ji?"

"Fastonku da ba ya ganin kare a kan titi sai ya taka shi? Ke dai ki ce ba za ki yi ba."

Ya dafa kantar allunan, numfashinsa na fita da ƙara. Da ya sake magana babu wasa a muryarsa.

"Babu kowa, Norma. Na duba, na sake dubawa. Ke kaɗai ce."

"To. In ce Charlie Louey ya shigo?"

Dariya ta ƙwace masa, tari ya biyo baya, sai da ta bubbuga masa baya. "Charlie! Wani bature mai gonar rake ne ya liƙa mini shi ina yaro, don ya kasa faɗin nawa. In kin kira Charlie, rabin ɗakin nan za su amsa. Na gaskiyar yana nan a rubuce. Ai kin yi karatu a ɗakin nan, ina ganinku ranar Asabar da allunanku."

Ta yi, ba ƙarya. Babanta ya tura ta wajen tsohon malamin da ke koyar da rubutun gida, na 'yan China, ita da sauran yaran layi. Sai dai satar mangwaro suka fi ƙwarewa a kai, kuma ɗan abin da ya shiga kanta ya zube tun kafin ta gama firamare. Yanzu ko sunanta aka rubuta mata ba za ta gane shi ba. Abin da ya kamata ta faɗa ke nan a tsaye a wurin. Amma ta dubi fuskar tsohon, ta ga yadda hankalinsa ya kwanta, sai ta ce, "To, Kawu." Wannan "to" ɗin ita ta jawo mata komai.

Wani zai ce, to ta tambaye shi mana, me ya yi zafi? Wanda bai tashi a layin ba ke nan. Yaro ba ya buɗe baki ya ce wa babba yaya sunanka. Norma ta haura hamsin, amma a gabansa yarinya ce. Ba ta taɓa jin wani ya furta sunan ba. Goggo Ivy har ta koma ga kakanni "baban Desmond" take cewa, in ranta ya ɓaci ta ce "kai". Waɗanda suka isa su kira shi gatsal kuwa duk suna kan kantocin nan.

Ga kuma Mista Harkness na hukumar gari. Mutumin kirki ne, dogo, mai yawan cire hula. Ya sha zuwa da igiyar awo da kyamara, yana cewa irin wannan gini saura kaɗan a ƙasar, tarihin gari ne, ba za a bari gara ta cinye shi ba. An riga an shirya: ranar da Kawu Charlie ya kau, hukuma za ta karɓi makulli, a sa gilashi a gaban alluna, a hana kunna wuta, a riƙa buɗe wa 'yan yawon buɗe ido. Kawu da kansa ya yarda. Ya ce gilashi ya fi rushewa.

Daga ranar bai sake hawa matakalar ba. Norma ta karɓi tsintsiya. Da safe ta share, ta kunna turare tana waige-waige kamar ɓarauniya, ta dawo ta dama masa kunun shinkafa da citta. Yakan zauna a baranda cikin tsohuwar kujerar kaba, bargo a gwiwa duk da zafin da ake yi, yana kallon layin da babu mai wucewa. Wani lokaci ya manta ya yi ta zuba mata yaren gida, ita kuwa tana tsintar kalma ɗaya cikin goma tana gyaɗa kai. Da ya lura sai ya tsaya a tsakiyar magana, ya ce ba komai, ba wani abu ba ne. Wannan tsayawar tana ci mata rai fiye da tarinsa.

Wata safiya ta ɗaure fuska ta ce yau sai ta faɗa.

"Kawu, batun sunan nan da ke jikin allo..."

"Kada ki ce kin leƙa!" Ya ajiye cokali. "Ina nan da raina? So kike ki tura ni da wuri ki gaji kujerata?"

"Ban leƙa ba. Cewa zan yi..."

"Yauwa. Ba a taɓa shi, ba a zancensa. Malamin da ya rubuta shi hannunsa ba ya rawa, ko jariri zai karanta. Ƙara mini gishiri, kunun nan kamar na asibiti."

Ta tashi ta ɗauko gishiri. Ta ce a ranta gobe. Gobe ta zo ya tashi da ɗan ƙarfi har yana zagin jemagun da suka ɓata masa mangwaro, ta ga ba ranar ɗaga masa hankali ba ce. Jibi kuma jikin ya yi tsanani, ta ga ba ranar ba ce ita ma. Haka ta yi ta ja, don kunya ba ta rasa dalili.

Ranar da ta shiga da kwanon kunu ta same shi a ƙasa kusa da gado, bakinsa ya karkace, takalminsa ɗaya a ƙafa, kunyar ta tafi, amma ta makara. A asibiti ta jira nas ta fita, ta sunkuya daidai kunnensa mai ɗan ji.

"Kawu, ka yafe mini. Ban iya karatun ba. Na manta shi tuntuni. Faɗa mini sunanka."

Idonsa ya juyo gare ta. Ya ji, wannan ba ta shakka. Leɓensa ya motsa, ya sake motsawa, ta kai kunne har tana jin ɗumin numfashinsa, amma iska ce kawai ke fita. Hannunsa mai lafiya ya ɗaga yatsa ya fara zana wani abu a kan zanen gado, a hankali, layi bisa layi. Ta zuba ido har hawaye ya rufe mata gani. Ko da ta gani sarai, me za ta gane? Yatsan ya gaji ya kwanta.

Ya cika da hantsi washegari, lokacin da ƙaramin jirgin ƙasa mai ɗaukar rake ke wucewa ta bayan asibitin yana girgiza tagogi. Ita kaɗai ce a wurin.

Desmond ya zo jana'iza cikin baƙar kwat, shi ma kansa ya fara furfura. An yi komai a taƙaice a maƙabartar gari. Mutanen da suka zo ba su cika benci biyu ba, rabinsu ma 'yan cocin Norma ne da suka zo don ita. Ta tare shi a jikin motar haya yana duba agogo.

"Desmond, yaya sunan babanka?"

Ya dube ta kamar ta zautu. "Charles Louey mana, Anti."

"Na gida nake nufi. Wanda kakarka ta sa masa."

Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ban sani ba," in ji shi. "Kin ga abin kunya ko? Shi ya hana ni koyo. Ranar da na dawo makaranta da fasasshen baki don yara sun ji ni ina yaren, ya ce daga yau turanci kawai a gidan nan. Ya ce yaren bai kai kowa ko'ina ba a ƙasar nan. Na bi maganarsa, sai kuma ya ƙare yana jin haushina don na bi."

"Zo mu je ka ɓare takardar. Kai ne ɗa."

"Anti, ba zan iya shiga ɗakin nan ba. Warin turaren kaɗai..." Ya kau da kai. "In na ɓare in ce me? Jirgina ƙarfe huɗu ne, gobe ina da marasa lafiya. Ki yi yadda kika ga dama, duk abin da kika yi daidai ne."

Ya zaro makullin haikalin da ya samu a kayan babansa daga aljihu ya danƙa mata, ya rungume ta da sauri, ya shige mota. Ba ta ji haushinsa ba. Ta so ta ji, abin ya ƙi.

Mista Harkness ya jira har motar ta ɓace kafin ya matso, hula a hannu. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya ce gobe da safe zai zo da kafinta a ɗauki awon gilashi, a canja kwaɗo.

"Akwai wanda zai iya karanta allunan?" ta tambaye shi.

"Ƙwarai kuwa! Wani masani daga jami'a ya yi alkawari. Bayan damina zai zo ya karanta su duka."

"Bayan damina."

"Sai dai ina roƙo, Misis Kwong, kada a taɓa komai kafin nan. Musamman mai jar takardar nan. Ba ki san darajarsa ba, da wuya a sami irinsa a ko'ina. Haka za mu adana shi yadda yake."

Norma ta ce ta ji. Bayan damina! Tsoho ya yi ta tsayuwa a ƙarƙashin mangwaro ruwa na dukansa, matarsa na ciki a bayan gilashi, turawa na ɗaukar hoton takardar da ta rufe masa ƙofa. In ta bari, zaman waje ya same shi ke nan har abada. In ta ɓare ba ta da abin kira. Ta koma gida ta zauna a kicin, tana kallon barandarsa ta taga, bargon na nan a kan kujera inda ya bar shi. Kaɗaici ya danne ta irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka binne mijinta, don a ranar akwai wanda ya leƙo ta kan shinge ya ce ta ci abinci.

Gari na wayewa ta dafa shinkafa, ta dafa kaza guda da kanta da ƙafafunta yadda ta ga iyaye suna yi, ta wanke lemo, ta haɗa shayi. Ta jera su a tire ta bi layin ita kaɗai. Raɓa ta jiƙa mata takalmi.

A ɗakin kakanni ta shimfiɗa abincin a gaban allon, ta kunna turare, ta bar ƙofa a buɗe. Takardar ta manne da katako sosai. Sai da ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta riƙa dannawa, tana ɗagawa da bakin wuƙar kicin kaɗan-kaɗan, tana addu'a, ba ta ma san ga wa ba, cewa in rubutun ya bayyana wani abu zai dawo mata. Ai yara ma sukan tuna waƙar da suka manta.

Takardar ta saki gaba ɗaya ta faɗo a tafin hannunta.

Rubutun zinariya ne, sabo fil, hayaƙi bai taɓa shi ba. A cikin ɗakin nan mai baƙin alluna shi kaɗai ke ƙyalli. Kawu bai yi ƙarya game da hannun malamin ba, kowane layi a miƙe yake, tsaf. Norma ta bi shi da ido daga sama har ƙasa, ta sake bi. Ko ɗaya ba ta gane ba.

Allon a buɗe, ƙofa a buɗe, ita kuma baki a rufe. Ta ji kamar duk mayunwatan da ya faɗa sun taru a matakala suna leƙe. Ta buɗe baki za ta ce Charlie, ta tuna rabin ɗakin za su amsa, ta haɗiye. Ta durƙusa a kan katakon, fuskarta ta zo daidai da layin hagu, wanda hayaƙi ya dafe.

"Goggo," ta ce. "Goggo Ivy, ni ce Norma, 'yar maƙwabta. Na yi wauta. Na karɓi aikin da ban iya ba. Yana waje, Goggo, tun shekaranjiya yake tsaye, kuma kin san ƙafarsa." Ta share hanci da bayan hannu. "Ke kin san sunansa. Na san ba kya faɗa, ban taɓa jin kin faɗa ba. Amma yau ki daure. Babu kowa a nan sai ni, ni kuma zan toshe kunne. Ki kira shi da ƙarfi, ba ya ji sosai yanzu."

Ta sa tafukanta biyu ta toshe kunnuwa, jar takardar da ta jiƙe tana zubar mata da launi a kumatu, ta runtse ido.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Da ta buɗe ido inuwa ce ta gani ta rufe hasken ƙofa. Mista Harkness ne tsaye a bakin ɗakin da sabon kwaɗo a hannu, yana kallon allon, yana kallon wuƙar, bakinsa a buɗe.

"Misis Kwong! Me kika..."

"Matsa daga ƙofa, Mista," ta ce a hankali, ba ta tashi ba. "Akwai mai shigowa. Tsoho ne, ba ya sauri."

Ya dube ta, ya dubi bayansa inda babu komai sai matakala da ganyen mangwaro. Sannan ya cire hularsa, ya ja gefe ya manne da bango.

Hasken safiya ya sake shimfiɗuwa a kan katakon, tun daga bakin ƙofa har gindin kanta. Su biyun suna jira, shayin yana ta tururi a cikin ƙananan kofuna.